Siket ɗin Rawar Bale a Ƙauye: Yadda Ake Ɗinka Shi da Yadda Yara Mata Za Su Taka Rawa a Cikinsa

Duk telar da ke zaune a ƙauyukan Kano da Jigawa ta san wannan. Sallah na matsowa, ko makarantar firamare ta sa ranar yaye ɗalibai, sai uwa ta yi sallama da waya a hannu, ta nuna hoton wata yarinya cikin siket ɗin net mai tashi, ta ce, "Yaya, irin wannan nake so ki yi wa 'yar taki." Da yawanmu da ido muke ɗinka shi. A tattare net, a haɗa da roba, a miƙa. Wani ya tashi, wani ya langaɓe, wani kuma ya dinga sukar yarinya a ciki har ta cire shi kafin a sauko daga idi.

Siket ɗin nan yana da asali, yana da ƙa'ida. Na masu rawar bale ne, wata rawar Turawa da ake takawa a fage gaban 'yan kallo, kuma duk yankan da aka yi masa an yi ne domin motsi. Shi ya sa ba na jin daɗi in ga an sa wa yarinya shi an ce ta zauna wuri ɗaya kar ta ɓata. Kyansa ba ya fitowa sai ta juya, sai ta yi tsalle ta dira. Don haka wannan bayani na tela ne, na malamar makaranta ne, kuma na duk uwar da ke da tsakar gida mai ɗan faɗi da yara matan unguwa da ke son wasa. Idan za ki nemi hotunansa a YouTube, sunan da za ki rubuta shi ne tutu. A kasuwa kuwa net kawai za ki ce.

Ire-irensa, da wanda ya dace da mu

Rawar bale ta faro ne a fadojin sarakunan Italiya a ƙarni na 15, ta ƙaura Faransa inda ta yi ƙarfi, har Sarki Louis na 14 ya kafa makarantar koyon rawa a birnin Faris a 1661. A wancan zamani da kaya masu nauyi har ƙasa ake taka ta. Siket ɗin da muke magana a kai ya yi suna ne a 1832, lokacin da Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide a Faris cikin farin siket marar nauyi da ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu. An ɗage shi daga ƙasa ne don 'yan kallo su ga aikin da ƙafafunta ke yi. Wannan shi ne dogon, mai laushi, mai falle uku zuwa biyar, wanda ke bin iska idan an juya.

Daga baya, da taku ya ƙara wuya, juyi da tsalle suka yawaita, musamman a Rasha a ƙarshen ƙarni na 19, siket ɗin ya yi ta gajercewa. Aka samu mai siffar ƙararrawa, wanda ke sauka kaɗan ya tsaya saman gwiwa. Aka samu wanda ke fita tsaye daga kwankwaso ya baje kamar faifai, wanda ake ɗinkawa da net mai tauri falle goma ko fiye a jikin ɗan kamfai, a zura waya a tsakiya don kar ya kwanta. Sannan a 1950 wata gwanar tela mai suna Barbara Karinska ta yi wa wani mai tsara rawa, George Balanchine, wani gajere mai taushi, ba waya a ciki, saboda masu rawarsa suna gogar juna a fage kuma mai waya yana ci gaba da kaɗawa bayan mai shi ta tsaya.

Cikin waɗannan huɗu, shawarata ki riƙi dogon. Mai baje-baje aikin kwanaki ne ko ga ƙwararru, yana cin yadi sosai, ba ya shiga akwati, kuma ya bar cinya a waje, abin da babu uban da zai yarda da shi a garuruwanmu, ni ma ba zan nema ba. Dogon ya rufe abin da muke so a rufe, ana sa shi da wando a ciki da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi, kuma a juyi babu wanda ya kai shi kyau. Idan kina son ya ɗan tashi, sai ki ara dabara ɗaya daga mai ƙararrawa: fallen ciki ya zama net mai tauri.

Kafin ki taɓa almakashi

Ki fara da mutane. Idan siket ɗaya ne na 'yarki, wannan bai shafe ki ba. Amma idan yara takwas ko goma za ki tara, ki bi gida gida ki gaida iyaye mata ki faɗa musu abin da za a yi, a ina, da wane lokaci, kuma su waye za su kalla. Su kai maganar wurin masu gida. In a makaranta ne, hedimasta ya sani, shi kuma ya san yadda zai sanar da mai unguwa da liman. Ki faɗi gaskiyar abin: ƙananan yara mata ne, cikin gida ko cikin aji, mata ne 'yan kallo, da sutura cikakkiya. Akwai gidan da ba sa son kiɗa, ki ce tafi ya isa. Akwai gidan da za su ce a'a gaba ɗaya, ki yi godiya ki wuce, kada ki bi ta bayan fage ki ja yarinyar. Maganar waya ma a yi ta tun yanzu: babu mai ɗaukar 'yar wani ya ɗora a TikTok ko Facebook sai da yardar iyayenta. Wannan abu ɗaya ya isa ya rushe duk aikin.

Lokaci kuma ki duba rayuwar yaran. Da damina ana gona, da safe ana boko, da yamma Islamiyya, wasu ga talla. Alhamis da Juma'a bayan la'asar su ne suka fi samuwa, tunda makarantun allo da yawancin Islamiyyu na hutu. Bayan kaka kuma kuɗi na hannu, jiki ya huta, lokacin ya fi dacewa a fara.

Sayayya

Net iri biyu za ki tarar: mai laushi mai ƙananan idanu, da mai tauri mai manyan idanu. Ki dunƙule shi a hannu ki saki. Mai laushi zai zube, mai tauri zai buɗe da kansa. Sannan ki goga shi a bayan hannunki, wanda ya karce ki zai fi karce yaro. A Kantin Kwari za ki samu kowane launi, kuma in kuka haɗa kuɗi kuka sayi bandir guda ya fi sauƙi nesa da sayen yadi yadi. Wadda Kano ta yi wa nisa ta duba wurin masu kayan teloli ranar kasuwa, ko Wudil ranar Juma'a, ko Gujungu da Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ko ta ba direban da ta yarda da shi saƙo da ƙyallen samfur. Abu mafi muhimmanci ki tambayi faɗin yadin kafin a yanka, domin akwai mai inci 54, akwai mai 60, kuma duk lissafinki a kan wannan yake.

Akwai wata hanya mai rahusa da mutane ke mantawa: gwanjo. Tsohuwar rigar amarya irin ta Turawa, wadda ake samu a Ƙofar Wambai, tana ɗauke da net falle falle a ciki wanda zai iya fitar da siket biyu na yara. A wanke, a shanya, a farke.

Abu ɗaya dai nake roƙo, kada a yanka gidan sauro. Wanda ake rabawa a asibiti da magani a jikinsa, yana sa ƙaiƙayi da zafin fata idan ya manne a jiki da gumi, kuma yaron da aka raba shi dominsa yana bukatarsa da dare. Launi ma ki saya yadda kike so tun a kasuwa, domin baba ba ya kama net ɗin roba yadda yake kama auduga.

Sauran kaya: roba mai faɗin inci ɗaya, yadin auduga na shafi, zare mai ƙarfi, bayas, fil, alli, tef ɗin awo, da allurar keke siririya, lamba 9 ko 11.

Awo

Awo uku ne. Ƙugu, kwankwaso a inda ya fi faɗi, da tsawo daga ƙugu zuwa inda kike so ya tsaya. Yarinya ta tsaya ba takalmi, kada ta shanye ciki. Zan yi misali da yarinya 'yar shekara 7 mai ƙugu inci 22, kwankwaso 25. Ki sauya lambobin da na taki.

Hanya ta farko: ɗauri, babu keke

Wannan ita ce ta wadda ba ta da keken ɗinki, kuma yaran da kansu za su iya yi, abin da ya sa nake ƙaunarta. Ki yanki roba inci 20, wato ki rage biyu daga ƙugu, ki ɗora baki kan baki inci ɗaya ki ɗinke da hannu sosai. Kada ki ji tsoron ta yi kaɗan, ƙulle-ƙullen za su buɗa ta. Ki kife turmi ko bokiti ki zura robar a jikinsa ta tsaya.

In kina son tsawon inci 18, ƙasan gwiwa kenan, kowane zirin net zai zama ninki biyu na tsawon da ƙarin inci biyu na ƙulli, wato 38, faɗinsa kuma inci 6. Ki yanki yadin gunduwa gunduwa inci 38, ki ninke kowace gunduwa, ki yi alama duk inci 6 ki datse. Yadi mai faɗin 54 zai ba ki ziri 9 a gunduwa ɗaya. Ƙugu irin wannan na cin ziri wajen 50, gunduwa 6 kenan, yadi shida da rabi. In mai faɗin 60 ne, biyar da rabi ya isa.

Ki ninka ziri biyu, ki zura ninkin ta ƙarƙashin roba ya leƙo sama, ki ɗauko jelolin biyu ki saka cikin madaukin, ki ja a hankali. Ƙullin ya kama amma kada ya murɗe robar, in ta nannaɗe za ta ci ƙugun yarinya. Duk ƙulli ya fuskanci gefe ɗaya. Ki matsa su kusa da juna har robar ta ɓace. In launi biyu ne, uku na wannan ɗaya na wancan ya fi kyau a juyi fiye da ɗaya bayan ɗaya.

Aibinsa uku. Yana cin yadi fiye da ɗinkakke, kuma zirin na rabuwa idan an juya, don haka dole a sa fatari da wando a ciki. Ba ya kuma daɗewa, bayan 'yan watanni jelolin za su cukurkuɗe. Na biki ɗaya ne ko biyu.

Hanya ta biyu: ɗinkakken dogo

Wannan shi ne na gaske, kuma sirrinsa yana wurin da yawancinmu ke tsallakewa. Masu bale ba sa tattare net a ƙugu. Suna yin wani ɗan yanki na yadi mai ƙwari da ya kwanta daga ƙugu zuwa kwankwaso, net ɗin kuma daga ƙasansa yake farawa. Amfaninsa, tulin tattara ba ya zama a cikin yarinya ya hana ta lanƙwasa, kuma siket ɗin na buɗewa daga inda jiki ke juyawa.

Ki yanki wannan yanki daga auduga, faɗinsa awon kwankwaso da ƙarin inci biyu don ya wuce in ana sawa, da inci ɗaya na ɗinki, wato 28, bayan haɗawa ya koma 27. Tsayinsa inci 6: ɗaya da rabi za a kalmashe a sama a yi gidan roba, rabi na ɗinkin ƙasa, huɗu su rage. Ki haɗa shi ya zama zobe, ki yi gidan robar amma kada ki zura ta tukuna. Aiki ya fi sauƙi yana shimfiɗe.

Tsawon siket gaba ɗaya inci 22 ne, tsakiyar ƙwauri. An cire huɗu na sama, saura 18, da ɗaya na ɗinki, 19. Kowane falle gunduwa biyu ne na inci 19 a cikakken faɗin yadi, a haɗa su gefe da gefe su ba da inci 108 in yadin mai faɗin 54 ne. Wannan za a tattare ya koma 27, ninki huɗu kenan. Ƙasa da ninki uku siket ba ya cika, ki riƙe wannan. Falle huɗu za su ci yadi huɗu da kwata, ki sayi huɗu da rabi. Na ciki ki rage masa inci ɗaya don kar ya leƙo, kuma shi ne zai zama mai tauri in kina so.

Yanzu tattara. Keken Butterfly na ƙafa ya isa, ba sai mai lantarki ba. Ki sa ɗinki a mafi tsawo, ki sassauta zaren sama, ki yi layi biyu a bakin falle, tazarar kwata na inci tsakaninsu, ki bar jelar zare a farko da ƙarshe. Kada ki yi inci 108 a layi ɗaya, zare zai tsinke a tsakiya ki koma farko. Ki tsaya a kowace gunduwa ki sake farawa. In haƙoran keke na haɗiye net ɗin, ki sa takarda siririya a ƙasa ki ɗinka tare, daga baya ki yage ta. Zaren ƙasa ake ja, a hankali, ana tura tattarar da yatsa.

Ki raba bakin zoben auduga gida huɗu da fil, ki raba fallen ma gida huɗu, ki haɗa alama da alama kafin ki ja zare. Wannan ne ke hana gefe ɗaya ya yi tuli ɗayan ya yi fayau. Falle ɗaya ɗaya ake ɗorawa, daga na waje zuwa na ciki, kowanne a ɗinke shi kafin a kawo na gaba. Wadda ta haɗa huɗun ta tattare lokaci guda za ta samu siket mai motsi dunƙule ɗaya, alhali abin da ake nema kowane falle ya tashi da kansa ya sauka bayan ɗan'uwansa.

Shafi shi ne na ƙarshe a ciki. Auduga ta fi satin a zafinmu, ba ta manne wa gumi. Faɗinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na kwankwaso don ƙafa ta samu buɗewa, tsawonsa ya gaza net da inci biyu, a kalmashe bakinsa. Sai ki rufe gaɓar da duk suka haɗu da bayas, domin wannan gaɓa ce ke sukar yara har ta fitar musu da ƙuraje. Ki zura roba inci 20, ki gwada a jiki, ki ɗinke. Net ba ya zarewa, ba ya bukatar kalmasa. Ki tsayar da yarinyar a kan kujera ki daidaita bakin da almakashi tana juyawa sannu sannu.

Ado kaɗan ya isa. Ƙyallen atamfa a saman ƙugu wanda ya dace da riga da ɗankwali ya fi duwatsu da ƙyalƙyali, waɗanda ke zuba kuma jarirai na tsinta su kai baki.

Maganar wuta

A nan zan tsaya in ja kunne. A 1862 wata matashiyar mai rawa a Faris, Emma Livry, siket ɗinta ya taɓa fitilar gas a wurin gwaji, ya kama, ta yi jinyar ƙuna watanni ta rasu a 1863. Net ɗin yau na roba ne, yana narkewa ya manne a fata. Gidajenmu kuwa ga murhu a tsakar gida, ga kaskon gawayi da hunturu, ga aci-bal-bal, ga maganin sauro na kunnawa, ga kaskon turaren wuta ranar biki. Dokar ita ce ba a shiga madafa da shi, ba a jin ɗumi da shi, kuma in rawa da dare ce fitilar sola ko tocila kawai. Ki koya wa yaran tun ranar farko: in wuta ta kama tufa ba a gudu, a kwanta a yi birgima, babba ya rufa bargo, a zuba ruwa mai yawa a kan ƙunar a tafi asibiti. Guga ma ba a ɗora dutse kai tsaye. In ya yamutse, a yayyafa ruwa a rataye, zai saki.

Fili da takun farko

Siminti na cin gwiwa da ƙwauri in ana tsalle a kai, tabarmar roba kuma na zamewa. Ƙasa shararriya da aka yayyafa wa ruwa, aka tsince tsakuwa da ƙaya, ta fi duka. Ƙafa ba takalmi. Abin dafawa kuwa bencin aji ko gora da aka ɗaure daidai ƙugun yara tsakanin turaku biyu. Rashin kayan aiki ba ya hana farawa. A 2020 duniya ta kalli wani yaro ɗan shekara 11, Anthony Madu, yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama a Legas. Malaminsa Daniel Ajala da kansa ya koyi rawar ta kallon bidiyo, yana koyar da yaran unguwa kyauta, yaron kuma daga baya ya samu gurbin karatun rawa a Ingila.

Tsayuwar ƙafa a bale guda biyar ce, tun zamanin Pierre Beauchamp, malamin rawar Sarki Louis. Uku sun ishi yaranmu. Ta farko, dunduniya haɗe, yatsu na kallon gefe. Ta biyu, haka ɗin amma da tazarar tsawon tafin ƙafa tsakanin dunduniyoyi. Ta uku, dunduniyar ƙafar gaba ta jingina da tsakiyar ta baya. Buɗewar daga kwankwaso take zuwa, ba daga gwiwa ba. Kada ki kama ƙafar yarinya ki murɗa don ta yi kama da hoto, inda jikinta ya tsaya nan ne nata.

Sai motsi huɗu. A lanƙwasa gwiwa a hankali, dunduniya na ƙasa, gwiwa na bin saitin yatsu, baya a miƙe. A yi ɗage a kan tudun yatsu a sauko ba ƙara. A zura ƙafa gaba, gefe, baya, tana shafar ƙasa har yatsu su miƙe. A yi ƙaramin tsalle wanda ya fara da lanƙwasa ya ƙare da lanƙwasa. Hannu kuma a zagaye, kafaɗa a sake. Don juyi, kowace ta zaɓi abu ɗaya a bango ta kafa masa ido, jiki ya fara tafiya, kai ya biyo da sauri ya koma kan abin. Haka masu bale ke kauce wa jiri, kuma yaran da suka saba hajijiya za su ga bambancin nan take.

Abin da ba za a yi ba shi ne tsayuwa a kan tsinin yatsu. Wannan sai da takalmi na musamman, da shekaru na horo, da malama ƙwararriya, kuma makarantun bale ba sa barin yarinya ta fara sai wajen shekara 11 ko 12 saboda ƙashin ƙafa bai gama ƙwari ba. Yara za su gani a waya su so gwadawa. Ki hana, ki faɗa musu dalili.

Minti talatin zuwa arba'in ya isa. A fara da ɗan gudu da miƙa, a ajiye ruwan sha kusa, kuma gwaji da kayan gida ake yi, siket sai an kusa rana.

Haɗa rawar

A nan ne nake ganin mun fi kowa sa'a, domin ba daga babu za mu fara ba. Yarinyar da ta taɓa gaɗa ta riga ta san ƙidaya da tafi, ta san fita tsakiyar da'ira, ta san ta saki jiki ta faɗa baya ƙawayenta su cafe ta su cilla. Wannan yarda da juna malaman rawa shekaru suke yi suna nema. A garuruwa da yawa dandali ya yi sanyi, 'yan mata sun tashi ba su san waƙoƙin da iyayensu suka yi a farin wata ba. To ki gayyato Inna ko Gwaggo, a shimfiɗa mata tabarma, a ce, "Gwaggo, ki tuna mana wadda kuke yi da." Ba za ta yi baiti biyu ba za ki ga ta miƙe tana gyara wa jikokinta taku. In akwai mai kiɗan ƙwarya ko shantu a cikin matan, an gama.

Ki gina rawar a kan ƙidaya takwas takwas, minti uku gaba ɗaya. Su shigo a layi da ɗage, hannu a ƙugu. Su buɗe da'ira, lanƙwasa biyu, ɗage biyu. Su juya dama, su juya hagu, a nan siket zai yi aikinsa, don haka ki ba shi lokaci ya sauka kafin taku na gaba. Sai a koma rabin da'ira a shiga gaɗa, kowace ta fito tsakiya sau ɗaya. Na ce kowace. Mai ƙiba, mai jin kunya, wadda ƙafarta ɗaya ba ta da ƙarfi, wadda ta fi kowa tsawo. Kada ki ware gwanaye biyu a gaba sauran su zama bango. Yarinyar da ta wuni tana ɗiban ruwa da renon ƙanne, idan ta samu daƙiƙa goma da duk mata ke tafa mata ana kiran sunanta, za ki ga yadda take tafiya washegari. In wata ta manta taku ta fashe da dariya, ku bar ta, sauran ma za su kama, iyaye ma haka.

Ranar wasa a zo da wuri, a ci abinci mai sauƙi, a duba robar kowa, a riƙe allura da zare a gefe. Tsofaffi a gaba a kan tabarma, masu goyo a gefen ƙofa. In an gama ki bar ƙananan da ke kallo su shigo fili, za su shigo ko ba ki ce ba.

Wanki da ajiya

Da hunturu net na jan ƙura, kaɗewa kawai ta isa sau da yawa. In wanki ya kama, a jiƙa cikin ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a matsa a hankali ba cuɗa ba murɗa, a ɗauraye, a shanya a inuwa, domin rana na cinye launi tana sa roba ta mutu. Kada a shanya a kan darni ko dangar kara, za ta yage shi. Ɗinkakken a juya shi ciki waje, shafi ya rufe net, a nannaɗe a sa cikin tsohuwar rigar filo a rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Mai falle mai tauri a rataye shi kai ƙasa, haka masu bale ke yi don kada ya kwanta.

In na ƙungiya ne, wadda aka yi da kuɗin adashe ko na iyaye, su zauna wuri ɗaya hannun mace ɗaya. Ki rubuta awon ƙugu da biro a cikin kowanne, ki bar ɗan buɗi a gidan roba wanda aka kama da ɗinkin hannu. Baɗi in mai shi ta yi tsawo, sai a farke wurin, a sauya roba daidai ƙugun ƙanwarta, ita kuma a ɗinka mata sabo da ƙarin inci uku.